Kumburin Motar Yero

A tashar motocin Rijau da ke Kontagora, in ka ce kana neman Yero sai an tsaya ana tunani. Amma ka ce direban nan da ba ya kiran fasinja, ko mai sayar da rake zai nuna maka shi da baki. Ga shi can a inuwar farar wagon ɗinsa, siriri, dogo, hula ta yi masa yawa, sandar kiwo kwance bisa cinyarsa kamar har yanzu akwai abin korawa. Sauran direbobi na ta fasa maƙogwaro, suna fizgar jakunkunan matafiya, suna rantsuwa cewa saura mutum ɗaya alhali ko mutum ɗaya bai shiga ba. Shi kuwa Yero yana zaune. In mota ta cika ya tashi, in ba ta cika ba ya ci gaba da zama, kuma fuskarsa ɗaya ce a duka biyun.

Maikuɗi, kamashon tashar, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in da loma a ciki, shi ya fi kowa tsokanarsa. Kullum da safe sai ya tambaye shi ko ya kai saniyar, wato motar, mashaya, ko an tatse ta, ko yau ma ba ta haihu ba. Yero ba ya jin haushi, ba ya dariya. Wasu suna cewa haƙuri gare shi, wasu su ce fulako ne. Ba ko ɗaya. Mutumin dai ya daina jin abubuwa ne, ya kuma kwana biyu da dainawa.

Ba a bakin kwalta aka haife shi ba. A wata ruga bayan Ibeto ya buɗi ido ya ga shanu, cikinsu ya yi rarrafe, cikinsu ya girma, har ya zama mutumin da ake tasowa daga wata ruga a zo nema. Abin da ya yi suna a kai shi ne kumburin ciki. Saniya ta faɗa gonar da aka girbe ta ci gyauron dawa, cikinta ya tashi ta gefen hagu ya yi tauri kamar ganga, numfashi ya gagara, idanu su firfito. In aka yi jinkiri kaɗan sai dai a nemi wuƙar yanka. Yero zai zo ya dafa kwiɓin da tafin hannu, ya laluba da yatsa tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, ya soka siririyar wuƙarsa sau ɗaya, ya zura guntun gora mai rami. Iska ta fito da ƙara da wari, ciki ya sace, saniya ta yi nishi ta miƙe. Ba ya karɓar komai. Abin da yake gaya wa masu saniyar kullum ɗaya ne, cewa iskar da ta taru a ciki dole a buɗe mata hanya, in ba haka ba da kanta za ta nema.

'Yarsa ta fari ita ce Ruka, kuma saboda ta fari ce bai taɓa kiran sunanta ba. Haka suka gada. Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. In zai aike ta sai ya ce "ke", in zai yi maganarta da matarsa Adda sai ya ce "yarinyar nan". Abin da bakinsa bai iya ba sai ya yi shi da saniya: ranar suna ya ware karsanar da ta fi kyau a garken ya ce ta jaririyar ce. Karsanar ta girma ta haifi wata ja mai farin goshi, aka sa mata Wule, kuma tun tana maraƙa ba ta yarda da hannun kowa sai na Ruka. Wata shekara Wule ma ta ci gyauro ta kumbura. Ruka a lokacin ba ta fi saniyar tsayi ba, amma ita ta riƙe igiya, ta cije leɓe har uban ya huda iskar ta fita. Tabon ya zauna a kwiɓin Wule, kuma Ruka takan shafa wurin duk lokacin da ta zo tatsa.

Da rana tsaka aka kwashe garken. Mutane ne da bindigogi a kan babura, an ce ko gaggawa ba su yi ba. Yero ya tafi cin kasuwa ranar. Da ya dawo ya tarar babu komai a mashekari sai kashin shanu da ƙudaje da igiyoyin ɗaure maruƙa a yashe. 'Yan ƙalilan ne suka tsira, waɗanda Ruka ta kora rafi tun da hantsi, Wule na cikinsu. Ya tsaya ya dubi filin. Ya jira ya ji wani abu ya taso masa, ko kuka, ko ihu, ko jiri, ba abin da ya zo. Ya sunkuya ya tattara igiyoyin, ya naɗe su da kyau, ya rataye su inda ake ratayewa. 'Yan jaje suka yi ta zuwa, yana amsawa daidai yadda ake amsawa. Ya ci tuwonsa, ya yi sallarsa, ya yi barci. Adda ta ce da hauka ya yi da ta fi samun kwanciyar hankali.

Dajin bai ƙara zaunuwa ba. Rugage suka yi ta watsewa, wasu suka yi kudu, wasu suka shiga gari. Wani ɗan'uwan Adda da ke tuƙi ya ba Yero shawara ya sayar da 'yan da suka rage tun kafin a dawo a kwashe, ya sayi mota, don ita mota a ƙofar gida take kwana. Aka duba aka ga ba za su kai ba sai an haɗa da Wule. To Wule ba tasa ba ce, kuma uba ba ya zaunar da 'yar fari ya roƙe ta abu. Sai ya tsaya a bakin bukka ya faɗa wa Adda maganar da murya mai ɗan ƙarfi, yadda mai wanke ƙwarya a bayan bukkar za ta ji. Wankin ya tsaya na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba. Washegari Ruka da kanta ta kwance Wule, ta jawo ta, ta miƙa masa igiyar ba ta dube shi ba. Shi ma bai dube ta ba. Ya dubi wata bishiyar marke da ke gefe ya ce kafin a kai yarinyar nan ɗakinta, karsana za ta dawo. Shi ke nan alkawarin da ya taɓa ɗauka da baki a rayuwarsa, shi ma bishiya ya fuskanta ya ɗauke shi.

Suka kama ɗakuna biyu a bayan garin Kontagora. Ya koyi tuƙi a hannun ɗan'uwan Adda, a hankali, ba tambaya ba musu. Adda da Ruka suka koma yin kindirmo da madarar gari da suke saya a kanti, su ɗora ƙwarya a ka su shiga unguwa, mutanen gari na sha suna lashe baki suna yabon nonon Fulani. Ruka ba ta shan abin da take sayarwa. Motar kuwa 'yar Kwatano ce, ta ga duniya kafin ta zo hannunsa. Yero bai san sunan komai a cikin bonet ba, amma ya san kiwo, sai ya shiga kiwon ta. Da sassafe ya zagaya ta, ya dafa nan ya dafa can, ya leƙa ƙasa ko ta zubar da wani abu, ya ba ta ruwa, ya tayar da ita ya tsaya yana saurare. Ba wai son ta yake ba, don a lokacin babu abin da yake so. Amma shanunsa na ƙarshe a cikinta suke, har da Wule, kuma daga cikinta karsanar Ruka za ta fito.

Bakaniken da ya duba masa ita ranar saye shi ne David, mutumin ƙasar Dukawa, mai gareji a ƙarƙashin wata darbejiya kan hanyar fita gari, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ya fi hira da inji a kan mutane. Ya gaya wa Yero gaskiya, cewa injin ya tsufa amma da sauransa, muddin ana yi masa juye a kan kari. Juye shi ne a kwance ƙusar ƙasan inji, tsohon baƙin mai ya tsiyaye duka, a zuba sabo. Yero ya kawo ta sau ɗaya aka yi. Ya tsuguna yana kallon man na zuba cikin daro, baƙi ƙirin, da ɗuminsa, har ɗigon ƙarshe, David ya ture daron gefe da ƙafa. A ransa Yero ya yanke ba za a sake ba. A saninsa, abin da ke gudana da ɗumi a cikin jiki ba a zubar da shi sai ranar yanka, kuma dabba in ta rame ƙara mata ake yi, ba ragewa ba. Tun daga ranar sai ya riƙa sayen mai a kwalba yana ƙarawa. In geji, sandar auna mai, ya nuna ƙasa ya cika, ya goge bakin, ya rufe. Duk sanda David ya hange shi a hanya ya ɗaga hannu ya tambayi juye, sai ya ce to. Wanda ya taɓa zama da Fulani ya san irin wannan "to" ɗin.

Akwai kuma wani abu. Makiyayi ba ya kai dabbarsa wani ya yi mata magani, balle wanda a da shi ake zuwa nema. Ga shi tun ranar da aka kwashe garken bai ƙara sakin jiki da kowa ba, don ai wani ne ya san ya tafi kasuwa ya tsegunta wa ɓarayin.

Damina biyu suka wuce yana bin hanyar Rijau, ya je ya dawo, ramukan hanyar ya san su kamar yadda ya san burtalin gida. Motar ta yi masa halacci, ba ta taɓa kwana da shi a daji ba. Ana nan sai mutanen wani yaro Nuru, mai ɗinki a bakin kasuwa, wanda Ruka ta daɗe tana tsayawa a ƙofar shagonsa da sunan sayar da nono, suka zo da goro. Aka sa biki bayan an gama kaka. Abin da Yero ke ajiyewa ya kusa kai karsana, har ya fara ratsawa ta kara, inda ake sayar da shanu, ranar kasuwa yana duba haƙori da nono, ya ga wata ja da ta kwanta masa, ko da yake goshinta ba fari ba ne. Bai gaya wa kowa ba. Amma Adda ta ga takalminsa da kashin shanu, magana ta kai inda za ta kai, sai ga Ruka ta samo rama tana tufka igiya da yamma a bakin ƙofa, 'yar siririya mai kyau irin ta ɗaure karsana. Yero ya gani, ya ɗauke kai ya wuce alwala.

Wata safiya ya buɗe bonet ya ga baƙin mai ya ɓata gefen inji. Ya tayar da ita ya tsaya yana kallo, sai ya ga wani tiyo na roba da ya fito daga murfin saman inji ya tsage ya saɓule, yana huci, fuf fuf fuf, hayaƙi kaɗan na fita tare da ɗigon mai. Ya kara yatsa ya ji ɗumi. Abin da ya gani rauni ne mai zubar da jini, kuma ya san abin da ake yi wa rauni. Ya yanko reshen geza, ya fere shi da wuƙar nan tasa siririya daidai bakin tiyon, ya cusa, ya buga da dutse, ya naɗe da robar tsohon tub ya ɗaure tamau. Hucin ya tsaya. Ɗigon ya tsaya. Ya goge wurin fes da tsumma, kuma a gaskiya ranar ya ɗan ji wani abu mai kama da gamsuwa, don hannunsa ya yi aiki irin na da.

Ba a jima ba geji ya fara tsalle. Sandar auna man nan da ake zarowa a duba, sai ya tarar ta ɗago da kanta daga raminta, mai ya fantsamo kewaye. Ya danna ta ya mayar, ya je Rijau ya dawo, ta sake ɗagowa. Sai ya ɗauko ɗaya daga cikin igiyoyin maruƙan da ya taho da su daga ruga, ya ɗaure kan gejin da jikin inji, ɗauri irin wanda ko maraƙi mai gardama ba ya kwancewa. Geji ya zauna. Daga nan injin ya fara jiƙewa ta ko'ina, ta gefen murfi, ta ƙasa, ta wuraren da bai san akwai mahaɗa ba. Kullum da safe ya goge, da yamma ya tarar ya sake tsattsafowa. Maikuɗi ya leƙa wata rana, wasa ya gudu daga fuskarsa, ya ce Malam Yero wannan ba na tsumma ba ne, a kai ta wajen David. Yero ya ce gumi ne, lodin kaka ya yi mata yawa, in an gama biki za ta huta.

Ranar kasuwar Rijau ce abin ya faru, bayan azahar, rana ta take. An yi masa lodin da ya fi na kullum, buhunan masara a but da saman mota, mutane a ciki an dandanna su, har da kaji a ƙarƙashin ƙafa. Bai hana ba, don a kaka direba ke samun abin da yake samu. A wani dogon hawa ya sa ta a ƙaramar giya ya taka totur, tana gurnani tana hawa, sai ya ji wani ɗan sauti daga ƙasa, fut, kamar an cire marfin gora. Ƙaurin mai ya shigo. Jar wuta ta kama a gabansa, ya gan ta sarai. Wata mata daga baya ta ce direba ba ka jin ƙauri? Ya ce to. Ya rage gudu, amma bai tsaya ba. Dabbar da ta gaji a hanya ba a barinta ta kwanta, in ta kwanta ba ta tashi. Lallaɓa ta ake yi har gida. Haka ya sani, haka ya yi. Ya lallaɓa ta ta gangara, ya lallaɓa ta ta haye wata gada, sannan injin ya fara ƙwanƙwasa kamar ana daka a turmin da babu komai. Ƙarar ta yi ƙarfi, motar ta girgiza sau biyu, ta yi shiru.

Fasinjoji suka fito suna mita, wasu suna tsaki, ɗaya ya ce a mayar masa da kuɗinsa, Yero ya mayar wa kowa ba tare da an sake tambaya ba. Ɗaya bayan ɗaya suka samu motoci da babura suka watse, masu masara suka zauna kan buhunansu. Ya waiwaya ya ga baƙin layi a kan hanya, ya miƙe tun daga ƙarƙashin motar har inda ido ya tsaya. Ya tsuguna a inuwarta ya dafa ƙofar da tafin hannu. Ya jira ko wani abu zai taso masa. Bai taso ba. Kafin la'asar sakaliya wani mai ƙaramar tirela da ya san shi a tasha ya ɗaura mata igiya ya ja ta zuwa Kontagora, Yero na riƙe da sitiyari, yana bin bayan wata mota a karon farko ba ƙarar komai a gabansa.

Da safe David ya buɗe bonet. Ya daɗe yana kallo. Ya taɓa itacen gezar da ke bakin tiyo.

"Malam Yero, wa ya cusa wannan?"

"Ni."

Ya taɓa igiyar da ke kan geji. "Wannan fa?"

"Ni."

David ya ja numfashi ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Bai yi faɗa ba, ko da yake faɗan na bakinsa. Da Hausarsa mai nauyin harshe ya yi masa bayani a hankali, yana nunawa da sifana. Ya ce inji in yana aiki, wutar da ke ci a saman fistin ba duka hayaƙinta ke fita ta salansa ba, wani yana zurarewa ta gefen ringi ya sauka ƙasa inda baƙin mai yake, kuma tsohon inji ya fi zurarwa. Hayaƙin nan dole ya fita. Shi ya sa aka yi masa ɗan bawul a saman murfi da tiyo, inji ya sake zuƙe shi ya ƙone. Ya sa yatsa ya zaro bawul ɗin, ɗan abu bai fi babban yatsa ba, ya cushe da baƙin abu mai kauri kamar kwalta. Ya ce man da aka daɗe ba a juye ba ne ya zama haka ya toshe shi. Da iskar ta rasa nan sai ta bi ɗayan tiyon har ta tsaga shi, kuma hucin da Yero ya gani shi ne numfashin da ya rage wa injin. Da aka toshe nan ta ture geji. Da aka ɗaure geji ta yi ta neman wuri mai laushi, har ta ture sil ɗin baya, robar da ke tare mai, man ya bi ta ya tsiyaye a hanya, ƙarfe ya ci ƙarfe.

Yero na tsaye da sandarsa. Ya dubi itacen, ya dubi ɗaurin da ya yi, ɗauri mai kyau wanda bai kwance ba har yanzu.

Ya ce, "Kumbura ta yi."

David bai san shanu ba. Ya ɗan yi tunani ya ce, "To, kusan haka ne."

Hannun bakanike ba ya zama. Yana magana ya jefa bawul ɗin cikin gwangwanin fetur, ya tsokale shi da waya, ya girgiza, ya sake tsomawa, baƙin ya yi ta narkewa yana fita. Ya kai shi kusa da kunne ya kaɗa, sai ga shi yana ƙara, ƙas ƙas ƙas, kamar tsakuwa a gwangwani. Ya ce ka ji, lafiyarsa lau, wanki kawai yake so. Yana faɗa ya so a ce bai faɗa ba. Ya sa bawul ɗin a tafin Yero ya naɗe masa yatsu a kai. Sannan ya gaya masa sauran: injin ya buga, ba ya gyaruwa, sai dai a sa wani na hannu. Ya faɗi abin da zai ci, kuma Yero bai yi dogon lissafi ba ya gane cewa abin da ya ajiye na karsana ne kaf. In aka sayi karsana kuwa, motar za ta zauna ƙarƙashin darbejiya kaji na ƙwai a ciki, gidansa ya koma kan ƙwaryar madarar gari.

Da ƙafa ya koma gida, bai tari keke ko babur ba. Masu shaguna na gaishe shi yana amsawa. Bai isa ba sai da rana ta yi sanyi, Adda na tankaɗe a tsakar gida, ana jin wankin ƙwarya daga bayan ɗaki. Ya shimfiɗa tabarma ya zauna, ya jingine sandar. Sai ya yi yadda ya yi a ruga. Ya fuskanci Adda ya faɗi maganar da murya mai ɗan ƙarfi, cewa injin ya mutu, cewa David ya ce sai an sa wani, cewa wanin zai cinye abin da aka ajiye. Bai ce na mene ne aka ajiye ba. Adda ta ajiye rariya. Wankin ƙwarya ya tsaya, kuma wannan karon bai ci gaba ba.

Ruka ta fito hannunta da ruwa. Ta tsaya nesa kaɗan da tabarmar, idonta a ƙasa, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun tana ƙarama, ta yi masa tambaya kai tsaye.

"Baffa, me ya same ta?"

"Kumburi."

Ta san kumburi, ta riƙe igiyarsa da hannunta.

"Ba ka huda ta ba?"

Ya buɗe tafinsa, ɗan bawul ɗin na ciki yana warin fetur. Ya ce, "Ta huda kanta. Ni na toshe."

Adda ta rufe baki da gefen mayafi. Ruka ta juya ta shiga ɗaki. Suna jin ta tana buɗe akwatin kayan aurenta. Ta fito da igiyar ramar nan da ta tufka, ta gama ta ashe, har ta yi mata tuntu da jan zare a ƙarshe. Ta durƙusa ta ajiye ta a bakin tabarma, naɗaɗɗiya, daidai gaban gwiwarsa.

Ta ce, "A sa injin, Baffa. Nuru ba shi da wurin ɗaure saniya ma."

Ƙarya ce, kowa a gidan ya sani, don an ga Nuru yana kafa turke a bayan gidansu. Ta miƙe ta nufi bayan ɗaki wajen ƙoranta.

Yero ya dubi igiyar. Sau biyu ke nan tana miƙa masa igiya, ta farko da saniya a ƙarshenta, wannan babu komai. Abin da ya jira a mashekari bai zo ba, ya jira a bakin hanyar Rijau bai zo ba, yanzu ya zo. Ba da yawa ya zo ba, amma ya yi ciwo, a ƙasan haƙarƙari, har ya kai hannu ya dafe wurin. Baƙin ciki ne da kunya, kuma ya gane su.

Ya ce, "Ruka."

Muryar ba ta fita sosai ba, amma an ji. Ruka ta tsaya da ƙwarya a hannu. Ba ta dubi tabarmar ba. Ta waiga wajen ƙofar gida ta ga ko wane ne ya shigo, don ba ta san sunanta a muryarsa ba.